Ceɗiyar da Na Dasa a Gidan Aro

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Daga mahaifinka a Birnin Kudu zuwa ga ɗana Sale. Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina roƙon Allah Ya sa ka buɗe wannan takarda kana zaune a Gwaram lafiya, kai da amaryarka Hansatu, jakinku bai yi tuntuɓe ba, tukwanenta ba su fashe ba. Allah Ya tsare ku daga sharrin hanya da ciwon baƙon ruwa, Ya haɗa ku da maƙwabta masu haƙuri.

Za ka yi mamakin samun takarda a gafakarka alhali jiya muna gida ɗaya. Na gwada faɗa maka da baki. Ka tuna ranar da na kira ka zaure na ce akwai magana, muka fara da gida muka ƙare a kan tsadar zare, har aka kira la'asar? Bakina haka yake tun ina yaro. Alƙalami ya fi shi tafiya a miƙe. Ka san kuma halina na rubuta abin da ya same ni a gefen takardun da tawada ta ɓata, wanda innarka ke cewa da haka nake noma da mun gina rumbu na biyu. To yau dai rubutun zai yi wani amfani.

Ga abin da ke gabanka, kamar yadda kawunka ya kawo mana. Malam Barau, abokinsa, zai ba ka aron gidansa na kusa da kasuwa, mai zaure da soraye, ka zauna kyauta, ba ko wuri ɗaya na haya, sai dai ka gyara abin da ya zube. Mai unguwar can kuma ya nuna wani fili a cikin ganuwa, ya ce in ka kafa darni kafin ruwan farko ya zama naka, in ba ka kafa ba akwai masu jira. Abin da ka tara na ɗinki ba zai yi duka biyu ba: ko ya tafi a yaɓen soron Malam Barau, ko ya tafi a darni da jinka. Na ga idonka lokacin da kawunka ke kwatanta soron. Na ji ka kana gaya wa Hansatu irin daɓen da za a yi mata. Ban ce komai ba, don ni ma na taɓa yin irin wannan idon.

Ni ba magini ba ne, ba alƙali ba ne. Abin da nake da shi kawai shi ne na zauna a gida iri-iri, kuma a kowanne na yi wauta irin tata daban. Bari in jera maka su, kai ka auna.

Na fara da gidan gado, a Sundimina. Da kakanka ya rasu ba a raba gidan nan da nan ba, muka ci gaba da zama ni da baffanka Mamman da sauran, tukunya ɗaya, gona ɗaya. Da aurena da innarka ya matso sai na ce ba zan sa amarya a bukka ba. Na zaɓi kusurwar gabas, na buga tubali, na sayo azara ta giginya mai kyau, na gina ɗaki wanda har daga wasu gidaje ake zuwa kallo. Ban kira kowa ya shaida ba. Wa zan kira, a gidan ubana?

Bayan 'yan shekaru gwaggonninka suka nemi a fitar musu da rabonsu, kuma haƙƙinsu ne. Aka kira malamai, aka auna gida da igiya, gabas ta faɗa wa baffanka Mamman. Na same shi a gindin rumbu yana gyaran fartanya.

Na ce, "Yaya, ɗakin nan fa ni na gina."

Ya ce, "Haka ne. Da ƙasar ina?"

Na ce, "Ƙasar gidan nan."

"A kan filin wa?"

Ya yi dariya ya ce, "Azarar dai taka ce, ba na musu. Ka zare abarka."

Wanda ya zare azara ya rushe ɗaki, ya san haka, ni ma na sani. Na bar masa. Har yau in na je Sundimina a ɗakin yake sauke ni, yana cewa in kwana a hankali kada in ɓata masa daɓe. Ba mu taɓa faɗa a kai ba, kuma kada ka riƙe shi da komai, don ni ne ban yi tambaya ba.

Gidan gado yana da daɗi, Sale. Ba wanda zai ce maka tashi, kuma ko'ina ka juya akwai wanda ya san kakanka. Amma kafin a raba, ko taki ɗaya ba naka ba ne, na kowa ne. In wata rana ka gina a irinsa, ka tara manya su ji da kunnensu cewa nan ne gefenka. Kuma kada ka tafi Gwaram kana cewa ai akwai gidan Baba a baya. Akwai shi, amma ka ƙirga ƙannenka maza da mata, ka ga ko abin da zai zo maka zai wuce wurin ɗaure akuya.

Daga nan muka dawo Birnin Kudu, don a nan ake samun masu ba da ɗinkin riga. A nan na shiga gidan aro, kuma wannan ne nake so ka karanta a hankali, don shi ya fi kama da abin da ke jiranka.

Wani bafatake, Madugu Tanko, zai tafi Gwanja fataucin goro. Tafiyar tana cin shekaru, ba ya son gidansa ya zama kango, sai ya ce in zauna. Na yi murna har na rasa bakin godiya. Gida ne babba, zaure mai faɗi, soro mai sanyi. Na toshe ramukan gara, na yi yaɓe ciki da waje, na sa aka shafe bango da makuba har yana ƙyalli. A nan aka haife ka.

Abu ɗaya gidan ya rasa, inuwa. Ka san mai ɗinki ba ya aiki a duhun zaure, sai ya fito waje, kuma ƙofar gidan rana ce tun hantsi har yamma. Wata rana na saro reshen ceɗiya a bakin kasuwa, na haƙa rami a gefen ƙofar zaure, na kafa shi. Ina cikin danna ƙasa da ƙafa sai maƙwabcinmu, wani tsohon maƙeri da ake kira Baba Audu, ya tsaya a kaina.

Ya ce, "Malam, Allah Ya jiƙan Madugu. Yaushe labarin ya zo?"

Na ce, "Wane labari, Baba? Ai Madugu yana raye."

Ya ce, "Au. Na ga kana dashe, na ɗauka gidan ya zama naka."

Na yi dariya, na ɗauka irin barkwancinsa ne, don kullum yana tsokanata cewa allura ba sana'ar namiji ba ce. Ya wuce yana girgiza kai. Innarka ta riƙa zuba wa reshen ruwan wanke-wanke, ya kama, ya yi ganye, kafin ka fara gudu har ya isa in shimfiɗa buzu a ƙarƙashinsa. Ina gaya maka ban taɓa jin daɗin wurin aiki kamar wannan ba. Masu kawo ɗinki sukan zauna su ƙi tafiya.

Sai Madugu ya dawo. Na je na gaishe shi a masaukinsa, ya ba ni goro manya, muka yi hira. Washegari ya zo ganin gida. Ya dubi yaɓe ya ce madalla. Ya dubi makuba ya ce madalla. Da muka fito ƙofa sai ya tsaya, ya ɗaga kai, ya daɗe yana kallon ganye.

Ya ce, "Wannan kuma wa ya dasa?"

Na ce, "Ni ne, Madugu," ina jiran yabo.

Ya ce, "Inuwa mai kyau."

Na shimfiɗa masa tabarma, ya ce yana sauri. Ba a yi mako ba mai unguwa ya aiko a kira ni. Ya ce Madugu yana bukatar gidansa, wani ƙaninsa zai zauna. Na ce ai ya ce mini in zauna har sai na gaji. Mai unguwa ya ce, "Ya faɗa, kafin ya ga ceɗiya. Mai aro yana shuka kabewa, yana shuka kuɓewa, abin da zai ci bana ya tashi. Ba ya dasa abin da zai fi shi daɗewa. Yau kai da Madugu kuna raye kuna gaisawa. Gobe ɗanka zai tsaya gaban alƙali ya ce ubana ya dasa wannan, unguwa duka ta gani, kuma ba wanda zai ce ƙarya yake."

Na ruga wurin Madugu na rantse masa ban nufi komai ba. Ya ce ya yarda. Na ce to bari in sare ta yau ɗin nan, magana ta ƙare.

Ya ce, "A'a, Malam, kada ka taɓa ta. Ina son inuwar."

Haka muka kwashe kayanmu, ceɗiya ta zauna. Tana nan har yau, ita ce wadda kuke wasa a ƙarƙashinta in an aike ku unguwar maƙera. Yaɓe da makuba ma suka zauna, don ba a naɗe bango a ɗora wa jaki.

Na daɗe ina jin haushin Madugu, amma da na girma na ga in ni ne shi haka zan yi. Bai zalunce ni ba. Ya ba ni aro, ni na mance aro ne. Abin da ke sa mutum ya mance kuwa shi ne gyara. Duk bangon da ka shafa da hannunka sai zuciyarka ta fara ce masa nawa. Saboda haka in ka zauna a gidan wani, kada ka dasa itace, kada ka haƙa rijiya, kada ka ta da sabon bango. Kowace kaka ka kai masa damin gero a gaban mutane, ko bai nema ba, don shi ya kwanta da hankali, kai kuma ka tuna. Ka tambaye shi tun ranar farko, da shaidu, aron har yaushe ne, kuma in ya rasu wa zai yi magana a madadinsa, don magada ba su ji alkawarin da aka yi a zaure ba.

Kuma ka lura da maganar Malam Barau, cewa ka zauna kyauta sai dai ka gyara. Ban ce yana da wata manufa ba, ban san mutumin ba, kawunka yana yabonsa. Amma gyaran nan shi ne kuɗin zaman, kuma za ka biya shi gaba ɗaya tun kafin ka kwana. Kawunka ya ce yana da 'ya'ya maza da suka fara tasawa. Soron da ya zube ba mai so. Soron da aka yaɓe, aka yi masa daɓe, kowane saurayi mai neman aure zai tuna na ubansa ne.

Bayan gidan Madugu sai jingina. Wannan kam innarka ce ta matsa, in ta musa ka ce ni na faɗa. Wani Ɗanladi yana neman jarin fatauci, sai ya jinginar mini da gidansa: na ba shi abin da na tara, in zauna, duk ranar da ya dawo da kuɗina ya karɓi abinsa. Gidan yana da rijiya a ciki, innarka tana leƙa rijiyar ta ce ita ta gama dubawa.

A nan na yi wautar da ta saɓa wa ta farko. Na ce tunda gyara ya cuce ni, ba zan ƙara taɓa bangon kowa ba. Rufin ɗakinmu ya fara yoyo, na ƙi hawa. Muka riƙa jan gado daga wannan kusurwa zuwa waccan, muna tara ƙwarya da akushi. Damina ta wuce, wata ta zo, Ɗanladi ko labarinsa babu. Innarka ta ce, "Malam, kwaɗi sun fara yi mana sallama kafin su shigo, sun ɗauka mu ne baƙi." Na ce ta yi haƙuri, mai gida yana iya zuwa gobe. Ta ce, "Goben nan tun Sale bai yi kaciya ba ake jiran ta."

Kunya ta kama ni. Da rani na kira magini, aka sauke rufin aka sake, aka sa sabon indararo. Muka yi barci mai daɗi a farkon damina. Gero yana kai gwiwa sai ga Ɗanladi da jaki ɗauke da buhun kuɗin wuri, ya yi ƙiba, yana ta fara'a. Ya dubi rufi ya ce Allah Ya yi mini albarka. Muka tashi ana yayyafi, kana riƙe da kaza, innarka ba ta yi mini magana ba sai da muka sauke kaya a zauren wani abokina, can ma abin da ta ce shi ne in matsa.

Jingina ta fi aro da abu ɗaya, dukiyarka tana dawowa. Amma zuciya ba ta zama, duk jakin da ya tsaya a ƙofa sai gabanka ya faɗi. In dole ta sa ka, ka yi sharaɗi a gaban shaidu cewa ba a fansa sai bayan kaka, kuma a faɗi wanda gyara ke kansa. Zan ƙara maka abin da ban so faɗa ba. Da na gaya wa malamina na zauna a gidan jingina sai ya ɗaure fuska, ya ce cin amfanin abin da aka jinginar akwai magana a kansa. Na duba abin da na iya dubawa, ban samu natsuwa ba har yau. In ka iya kauce mata, ka kauce.

Da kuɗin da Ɗanladi ya dawo da su na sayi gidan nan da ka tashi a ciki. A wannan karon na ce ba za a yi mini dariya ba. Na tara shaidu har zaure ya cika, na kai wa mai unguwa gaisuwarsa, na tambayi mai sayarwa ko 'yan'uwansa duk sun yarda, na ƙwanƙwasa kowace azara da sanda ina sauraren gara. Na koma ina jin kaina.

Abu biyu na mance. Na duba gidan da rani. Ban san ruwan gidajen da ke samanmu duk ta tsakar gidanmu yake bi ba sai da aka yi ruwan farko na ga takalmina yana fita ta zaure shi kaɗai. Kwatar da kuka tashi kuna tsallakewa, ni na haƙa ta a ranar, da hannu da ƙoƙo.

Na biyu kuma Goggo Dije ce. Na san kai da ƙannenka kun ɗauka 'yar'uwarmu ce, kuma ban taɓa gyara muku ba. Ba mu haɗa komai da ita ba. Lokacin ɗorawa na farko ina zaune sai ga wata mata ta shigo da doguwar gora mai ƙugiya da ƙwarya a ka, ta gaishe ni ta wuce bayan ɗaki kamar gidan ubanta. Ashe gidan uban nata ne.

Na bi ta na ce, "Baiwar Allah, lafiya?"

Ta ce, "Lafiya lau. Ɗorawata na zo kaɗewa."

Na ce, "Ai na sayi gidan nan."

Ta ce, "Allah Ya sa albarka. Wana ya sayar maka da rabonsa, bango da rufi da ƙyaure. Ɗorawa ni ta faɗo wa. Ka tambaye shi ita?"

Ban tambaya ba. Ta ce, "To matsa, kada ta faɗo maka a rawani."

Ka ga yadda abin ya ƙare, kowace shekara tana kawo wa innarka daddawa, ta bar mini ɓawon in yi makuba, ta zauna ta ci tuwo ta yi mana gyaran tarbiyya. Na ci riba a wannan kuskuren, amma sa'a ce, da wata ce mai faɗa da mun sha wuya.

Saye shi ne mafi kwanciyar hankali a cikin waɗanda na gwada, ba na musu. Sai dai ka san abin da kake saye. Gini kake saye, ƙasa ta masu gari ce. In ka tafi ka bar shi ya zama kango, mai unguwa zai ba wani, ba wanda zai neme ka. Ka tambayi kowane abu da sunansa: itace, rijiya, rumbu, hanyar da maƙwabta ke ratsawa. Ka ga gidan bayan an yi ruwa. Kuma ka gaisa da tsofaffin lungun kafin ka gaisa da mai sayarwa. Amma kai yanzu ƙarfinka bai kai saye ba, na rubuta ne don gaba.

Saura fili, kuma a nan alƙalamina ya tsaya ya daɗe, don shi kaɗai ne ban taɓa gwadawa ba. An taɓa yi mini tayi. Bayan mun bar gidan Madugu mai unguwa ya tausaya mini, ya kai ni wani wuri kusa da ganuwa ya ce in kafa. Na tsaya na duba, ba komai sai tumfafiya da kashin awaki. Na tuna sanyin soron da na baro. Na ce zan yi shawara, ina cikin shawarar aka ba wani masaƙi. Yau gidansa ya fi nawa, kuma ba wanda ya taɓa tashinsa, ba mai shigo masa da gora.

Ba zan ɓoye maka wahalarsa ba, na gani a wurin wasu. Shekarar farko bukka ce da zana. Iska za ta shigo, gara za ta gwada ka, Hansatu za ta yi girki hayaƙi yana bin ta. Abokanka za su zo su ga inda kake su yi shiru irin na tausayi. Gayya tana son fura da tuwo mai yawa. Amma duk tubalin da ka aza ya zauna kenan, ɗaki ɗaya bana, zaure baɗi, kuma ba ka bin kowa da kallo don ka gane ko ransa ya ɓaci.

Ina tsoron ba ka shawarar abin da ni na gudu daga gare shi. Na juya maganar ta kowace fuska, na rubuta na goge. Mai yiwuwa Malam Barau ya bar ka a gidansa har ka tsufa, ka riƙa yi mini dariya. Amma tunda dole uba ya faɗi abu ɗaya, ga nawa. Ka karɓi filin. Kana sauke kaya ka je da kawunka wurin mai unguwa, a kira maƙwabtan kowane gefe, a taka iyaka suna gani, ka tambaya ko akwai mai itace ko tsohon kango a wurin. Ka kafa darni tun sama ba ta fara haɗa gira ba. Kada kowa ya ruɗe ka da fili mai faɗi a bayan ganuwa, ka san Gwaram tana kusa da duwatsu, kuma mahara ba sa aiko da sanarwa. Ƙunci a ciki ya fi.

Malam Barau kuma kada ka mayar masa da alherinsa kamar ka raina. Ka je da goro, ka gode, ka gaya masa gaskiya: kana roƙon ɗaki ɗaya na damina ɗaya, kafin naka ya tashi. Ka toshe inda ke yoyo a kanka, ka share ƙofa, ka tsaya nan. Mutumin kirki zai ji daɗin wannan maganar fiye da ka karɓe gida duka.

Ka zauna da Hansatu ka karanta mata wannan, ko da za ka tsallake wurin kwaɗi. Ita za ta wuni a gidan, kai kana bakin kasuwa. Ka yi mata alkawarin daɓe, yanzu za ka ce ta jira, wannan ba ƙaramin abu ba ne ga amarya. Kada ka yanke ka zo mata da labari. In an tashi zana ɗaki, ka bar ta ta nuna inda murhu zai zauna da inda ƙofa za ta kalla.

Yanzun nan innarka ta leƙo ta ce, "Har yanzu takardar ce? Yaron nan Gwaram za shi, ba Makka ba." Ta tambayi abin da na ce ka zaɓa, na ce fili. Ta ce, "Kai? Kai da tumfafiya ta kora?" Na ce ni. Sai ta ce in rubuta maka cewa tunkiyarta mai baƙin kunne taka ce ranar gayya, kuma kada ka gaya wa ƙannenka. Na rubuta.

Ni kuma ga nawa. Bayan kaka, in Allah Ya kai mu, zan zo Gwaram. In soron Malam Barau ka zaɓa, zan zauna a zaure in yaba, ba za ka ji komai daga bakina ba, ko da yake innarka ta ce ba zan iya ba. In kuwa filin ne, ina so a bar ni in shiga kwaɓa ƙasa tare da 'yan gayya. Na haura shekara arba'in ina shiga gidajen da wasu suka gina, ban da ɗakin nan na Sundimina ban taɓa ganin gida ya tashi daga ƙasa da hannuna a ciki ba, kuma ina so in gani ko da na ɗana ne. Saboda haka ka aiko da saƙo ta bakin masu zuwa cin kasuwa, in san abin da zan sa a jaka, rigar zaman zaure ko tsohon wandon shiga laka. Ba matsa maka nake ba. Wandon dai na riga na sa an wanke.

Allah Ya tsare ka a tafiya da zama, Ya tsare Hansatu, Ya sa garin ya karɓe ku. Allah Ya ba ku rufin da ba ya yoyo da maƙwabcin da za ku yi kewarsa. Ka riƙe salla, ka gai da kawunka da iyalinsa. Innarka da ƙannenka suna gaisuwa, Goggo Dije ma ta ce a gaishe ka.

Wassalam, daga mahaifinka.